Ranar da Na Mai da Biyu Uku

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da malamar jami'a ta zo ajinmu na yaƙi da jahilci ba. Har yanzu in na tuna sai in ga ina gyara mayafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in faro muku daga farko. Ni ban yi boko ina yarinya ba, sai da na yaye autana sannan na shiga ajin manya. A ƙauyenmu, nan gefen Watari, wani ɗaki aka ba mu a jikin firamare, muna haɗuwa bayan la'asar. Na iya karatu da rubutu, a hankali dai, kamar mai tsince tsakuwa a wake. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da wasu masu taimako suka bar mana, da faifan sola a kan rufi. Da yake gidanmu ne mafi kusa, makullin ɗakin a hannuna yake.

'Yata kuwa (ita ce ta fari, don haka kada ku jira jin sunanta a bakina) tana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, kwamfuta take karanta. Aikin da za ta gabatar kafin a sallame ta wata manhaja ce mai karanta Hausa da murya: ki rubuta abu, ita kuma ta faɗa miki abin da kika rubuta. Ta ce don mu ta yi ta, a ajinmu za a gwada, kuma malamarta za ta zo ƙauye da kanta ta gani ta ba da maki. In bai yi ba, sai ta maimaita. Wannan ne abin da na kusa watsarwa da yatsa ɗaya.

Ranar da ta zo sa manhajar, na ɗauko kujerar tsuguno na zauna kusa da ita. Ta buɗe wata baƙar taga a fuskar kwamfutar, ta rubuta wani abu, sai ga rubutu yana ta gudu sama kamar ruwan da aka sako daga dam. Ni da nake bin harafi ɗaya bayan ɗaya, ko "a" ban kama ba.

Na ce, "Wai me ya sa ba za ki tura ta kawai yadda ake tura karatu a waya ba?"

Ta ce, "Inna, waccan dafaffiya ce. Wannan ɗanya ce. Rubutu ne na umarni da mutum ya rubuta, sai na'urar ta juya shi ya koma abin da ita take ganewa. Shi ne nake haɗawa yanzu."

"Duk wannan gudun, girki take yi ke nan?"

"Girki take yi."

Abin ya burge ni ƙwarai. Na ci gaba da tambaya, ita kuma tana amsawa idonta a kan rubutun. Ta ce akwai wasu fayiloli a cikin na'urar da manhajoji ke tarayya a kansu, laburare ake ce musu. Mai nuna bidiyo tana ɗauka ta yi aiki da shi, mai kunna sauti ma haka, ba kowacce da nata ba. Na ce kamar turmin tsakar gida ke nan. Ta ce haka ne. Ta fara cewa, "Amma kin ga, wanda ke cikin wannan na'urar tsoho ne, tawa kuma tana bukatar..." Daidai nan aka ƙwala mini kira cewa awaki sun faɗa cikin zogalena. Na tashi da gudu. (Da na san abin da zai biyo baya, da na bar musu zogalen su cinye har saiwa.)

Kafin in dawo ta gama. Manhajar ta buɗe, wata murya ta ce, "Sannu da zuwa." Na amsa, "Yauwa, sannu," kafin in tuna da wa nake magana. Motar masu kai wake Dawanau tana ta oda a bakin hanya, ita za ta bi. Ta rataya jaka, ta faɗa mini kalmar sirrin na'urar ko da za ta tambaya, ta ce in na tashi in kashe. Na kashe, na rufe ɗaki.

Satin ba a yi aji ba, don tumatir ya nuna gaba ɗaya, kowacce mace tana fadama. Amma ni zuciyata tana wurin muryar nan. Wata safiya na ce bari in leƙa in gaishe ta. Na kunna, na danna inda aka nuna mini. Shiru. Na sake dannawa. Sai wani ɗan akwati ya fito da dogon Turanci.

Na aika aka kira mini Talatu. Maƙwabciyata ce, Kirista, tare muke aji. Ta ɗan taɓa firamare tana yarinya, don haka Turancinta ya ɗara namu, bakinta kuwa ya ɗara na kowa a garin. Ta sunkuya, ta matse ido, ta bi layin da yatsa.

"Yaya, cewa take wai ta nemi wani abu ba ta gan shi ba."

"Wane abu?"

"Ga sunansa nan. Ni ba zan iya faɗa ba, kada harshena ya karye."

Wani dogon suna ne da ya fara da "lib", ya ƙare da ".so.3". Na ce lallai wannan cikin turamen nan ne na tarayya.

Yanzu za ku ce me ya hana ni kiran yarinyar. Ina da amsoshi masu kyau. Tana cikin jarrabawa. Waya ba ta shiga a garinmu sai an hau tudun bayan makaranta. Kuma uwa ba ta cika son kiran 'yar fari a kan ƙaramin abu ba. Duk gaskiya ne. Amma ta ƙasan su akwai wata gaskiyar: so nake in ga cikin abin nan. Tun ranar da na ga rubutu na gudu nake ta tunanin ina yake zuwa.

Na iya neman fayil, don ita ta koya mini, haka nake nemo hotunan rubutun matan aji. Na iya canza wa fayil suna, don ni nake sa wa kowane hoto sunan mai shi. Na kwafi dogon sunan nan harafi bayan harafi, na bar lambar ƙarshe, na ce ta nemo. Na'urar tsohuwa ce, nema take kamar mai laluben allura a duhun ɗaki. Can sai ga ɗaya ya fito. Suna iri ɗaya sak, ba abin da ya raba su, sai dai shi ƙarshensa ".so.2". Ni da ake yabo da haƙuri har a gidan suna, ranar ban jira ta gama neman ba. Na tsayar da ita.

Ga yadda na yi tunani, kuma ku yi mini adalci. A garinmu ba a mayar da ɗan aike hannu rabbana. In maƙwabciya ta aiko aron rariya mai laushi ba ki da ita, sai ki ba da ta tsaki, ki ce a yi haƙuri a yi maneji. Cewa "babu" kai tsaye rashin mutunci ne. To ga baiwar Allah tana neman uku, ga biyu a zaune ba ya aikin komai, uwa ɗaya uba ɗaya, tsiransu bai fi na wa da ƙani ba. Sai na ji tausayinta. Na ce ai in an kira wa ba ya nan, ƙani na iya amsawa.

Talatu ta ce, "Yaya, anya?"

Na ce, "Ba ɗauke komai zan yi ba. Lamba ɗaya ce."

Na'urar ta ƙi da farko, ta nemi kalmar sirri. Na ba ta. Na goge biyu, na rubuta uku. Na yi bisimilla, na danna manhajar.

"Sannu da zuwa."

Talatu ta buga tsalle har ɗankwalinta ya zame. Na rubuta "tumatir", muryar ta ce "tumatir". Na rubuta "Talatu", ta ce "Talatu". Ni kuwa na miƙe a hankali, na kashe, na rufe ɗaki, na tafi gida ina takawa kamar matar hakimi. Na ce wa Talatu kada ta faɗa wa kowa. Kafin azahar, mai sayar da ƙuli ta tare ni ta ce, "Ashe har inji kike gyarawa?" Na ce, "Ɗan abu ne." (Ban musa ba fa. Ku lura, ban musa ba.) A raina na shirya cewa sai an gama komai, an ba da maki, sannan in gaya wa yarinyar a hankali, in ga yadda za ta yi mamaki.

Ranar zuwan malamar, mata suka ci ado kamar za a kai amarya. An share ɗaki, an shimfiɗa tabarmi, an dama fura. Motarsu ta makara saboda hanya, kuma tare suka zo da 'yar tawa, don haka ba ta sami damar gwada komai ba. Da yarinyar ta durƙusa za ta gaishe ni ta yi ƙasa da murya.

"Inna, lafiya take?"

Na ce, "Lafiya ƙalau." Har da ɗan murmushi.

Malamar, Dakta suke ce mata, mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sha fura, ta yaba, ta zauna a kujera. Aka kunna. "Sannu da zuwa," in ji muryar, ajin gaba ɗaya ya amsa. Talatu ta fita ta rubuta "albasa ta yi tsada", muryar ta karanta, aka yi dariya. Ni ina can gefe a kan tabarma, zuciyata fari tas.

Sai Dakta ta ce, "To madalla. Amma karanta rubutu ba sabon abu ba ne. Kin ce abin da kika ƙara shi ne rage saurin muryar, don mai koyo ya bi gaɓa-gaɓa. Nuna mini wannan."

Yarinyar ta danna wani ɗan maɓalli da ni ban taɓa kula da shi ba. Manhajar ta ɓace. Ba ƙara, ba sallama, kamar an hure fitila.

Ta sake buɗewa. "Sannu da zuwa." Wasu suka sake amsawa. Ta danna, ta ɓace. Ta sake. A karo na gaba ba wanda ya amsa gaisuwar.

Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta ce, "Dakta, ba damuwa, ranar da na haɗa ta na ɗauki bidiyo tana aiki, bari in nuna miki." Ta danna bidiyon. Shi ma ya ƙi buɗewa. Bidiyon da ko ni na sha kunna irinsa a na'urar nan ba gardama! A nan ne na fara ganewa. Na tuna ta ce mai nuna bidiyo ma da turmin nan take daka. Ni kuwa na ɗauke shi na sa masa sunan wani.

Yarinyar ta buɗe baƙar tagar nan, ta rubuta wasu haruffa uku, "ldd", waɗanda daga baya ta ce mini su ke sa manhaja ta lissafo duk laburaren da take jingina da su da inda take ɗauko kowanne. Ta tsura wa layukan ido.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce, kamar da kanta take magana. "Na ukun da na haɗa ba a nan na ajiye shi ba. Kuma ina na biyun ya shiga?"

Dakta ta matso da kujera. "Kin taɓa fayilolin da na'urar ta zo da su?"

"Wallahi Dakta ban taɓa ba."

"To wa ya taɓa? Aljani?" Ta cire tabarau ta goge. Muryarta ba ta tashi ba, amma ɗakin ya yi tsit. "Kin san abin da nake gudu. Ɗalibai da yawa wani ke haɗa musu aiki, su zo su danna maɓalli. In ba ki san abin da ke cikin na'urarki ba, ta yaya zan yarda ke kika yi?"

Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan haka ba. Ita da ta ƙi zuwa hutun Salla saboda aikin nan. Na buɗe baki zan yi magana, amma ni muryata ko a tsakar gida sai an ce "me kika ce?" Ina cikin tattaro ta, Talatu ta miƙe tsaye, ta gyara zani.

"Haba Dakta, a yi wa yarinya uzuri mana! Ai da ma injin ya lalace bayan tafiyarta. Yaya ce ta gyara shi. Da hannunta, ina tsaye! Ba ta ko kira kowa ba!"

Da alfahari ta faɗa, Allah ya sani. Wata tsohuwa a baya har ta fara guɗa, da ta ga ba wanda ya taya ta sai ta haɗiye sauran.

Duk ido ya dawo kaina. Na duba tabarmar da nake kai, na ga ba ta da rami. 'Yata ta juyo a hankali.

"Inna?"

Dakta ta ce, "Mama, bisimilla, matso kusa. Me kika yi mata?"

Na taso, gwiwoyina suna ƙara. Na tsaya a gaban matan da na yi sati ina karɓar gaisuwar gwaninta a wurinsu, na yi bayani dalla-dalla, don ban iya taƙaitawa ba. Na faɗi yadda ta nemi uku, na ga biyu. Na faɗi zancen ɗan aike da rariya. Har zancen wa da ƙani sai da na faɗa. Ina magana ina jin yadda kowace kalma ke fitowa ta fi ta baya wauta.

Dakta ta yi ƙoƙari, na ba ta wannan. Ta cije leɓe, ta kalli rufi. Da na zo kan "na ji tausayinta ne", sai ta kife kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Ajin ya ɗauka da dariya. Talatu, wadda ta tona ni, ita ta fi kowa ƙyaƙyatawa, har tana dafa bango.

Da Dakta ta natsu ta ce, "Mama, lambar nan alkawari ce. Duk mai uku yana ɗauke da wasu ayyuka da mai biyu bai san da su ba. Kin sa wa biyu rigar uku, manhajar ta yarda da shi, suka gaisa lafiya. Ƙananan aike duk ya iya. Da aka ce ya rage saurin murya, aikin da ba a halicce shi da shi ba, sai komai ya rushe. Su kuma masu neman biyun suka zo ba su same shi ba."

Na ce, "Ashe gida biyu na ɓata."

"Gida biyu."

Duk kunyar da nake ciki, sai da bakina ya suɓuce. Na ce, "To shi na ukun na gaskiya, ina yake duk wannan lokacin?"

Dakta ta nuna ni da biro, ta juya wurin ɗalibarta. "Kin ji tambaya. Mama ta yi nata, mun gani. Amma ita ba ta taɓa komai ba sai da manhajar ta ƙi tashi. Me ya sa ta ƙi?"

Yarinyar ta dafe goshi. Ta ce na ukun yana nan lafiya a wani ɗaki daban inda ta ajiye shi, don kada ya takura wa na biyun. Ranar da ta haɗa, ta nuna wa na'urar hanyar ɗakin ne na wucin gadi, a cikin tagar da take aiki kawai. Da aka kashe, na'urar ta manta. Akwai umarni guda, "ldconfig", da ke sa ta zagaya ta san inda kowane laburare yake zaune ta riƙe. Saurin mota ya sa ba ta yi ba, ba ta kuma kashe ta kunna ta gwada ba.

"To gyara a gabana," in ji Dakta. "Kina yi kina faɗa mini dalili."

Yarinyar ta mayar wa biyu sunansa. Ta ba da umarnin. Ta sake tambayar manhajar inda take ɗauko nata, wannan karon ta nuna ɗakin gaskiya. Ta kashe na'urar gaba ɗaya, ta kunna, muna zaune ba mai tari. Bidiyo ya buɗe. Manhaja ta buɗe. Ta danna maɓallin nan, muryar ta ja numfashi ta ce, "Al... ba... sa... ta... yi... tsa... da." Tsohuwar nan ta baya ta saki guɗarta, wannan karon aka taya ta.

Dakta ta ce yanzu ta tabbata ita ta yi aikin, don wanda aka yi wa ba zai iya warware wannan a tsaye ba. Yarinyar ta ci. Amma an rage mata maki saboda ta bar na'ura a hannun jama'a ba ta gwada ba bayan kashewa, kuma wannan ragin har yau ina jin sa a wuyana. Ban iya ba ta haƙuri da baki ba, ba a saba ba. Na dai cika mata buhu da kauɗar tumatir da albasa har direba ya yi ƙorafi. Ta karɓa, ta ce, "Inna, ya isa haka," ta yi dariyar da ta nuna mini ta gane.

Kafin su tafi, yarinyar ta ɗan zauna a gaban na'urar ita kaɗai. Ban san me ta yi ba sai bayan kwana biyu, da na buɗe baƙar tagar na gwada umarnin nan da na ga ta rubuta (don in gani kawai, ba don komai ba). Wani layi ya fito. Talatu ta karanta, ta riƙe baki.

"Yaya, wai ba kya cikin masu izini. Kuma wai za a kai ƙararki."

Na ce, "Wurin wa?"

Da 'yar tawa ta zo hutu na tambaye ta. Ta ce, "Wurin mai kula da na'urar, Inna. Ni ke nan."

To, abin da na koya ke nan da girmana: wani lokaci "babu" ita ce amsar mutunci, kuma abin da ya amsa gaisuwa ba lallai ne ya iya aiki ba. Yanzu na natsu, hotuna kawai nake sa wa suna. Sai dai akwai abin da ke yi mini yawo a ka in ina tsinkar zogale. In akwai na biyu, akwai na uku, to shi na ɗaya ina ya tafi? Ban nema ba. Tukuna dai.